Tumatir ya nuna lokaci guda, yaya zan adana shi?

Uwargida: Jama'a, tumatirin lambun gidana ya nuna gaba ɗaya. Ya ake adana shi kada ya ruɓe?

Mai Lambu: Hajiya, yanka shi fale-fale, kaurin rabin santimita, ki shanya a kan raga yadda iska za ta ratsa ƙasansa. Sai ya bushe ƙayau za ki ɗure, danshi kaɗan ke jawo fumfuna.

Yaya Babba: In kwalba ce, ƙanwata, ki daddage shi, ki tafasa, ki zuba da zafinsa, ki bar santimita 1 a sama. Kowace lita babban cokali 2 na ruwan lemun tsami, don tsamin tumatir kaɗai ba ya hana ƙwayar cuta mai guba. Ki rufe, ki dafa kwalaben minti 45 cikin ruwan da ya shanye kansu. Wadda murfinta bai lotsa ba, sai firji.

Mai Lambu: Kuma wanda ya fara ruɓa kada ya shiga kwalba.