Me za mu kira "avortement" da Hausa?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum. Makon jiya cikin wata uku ya ɓare wa matar yayana da tsakar dare, sai da jini ya jiƙa zane biyu kafin mu samu mota. A asibiti likita ya rubuta mata "avortement incomplet" da Faransanci a kati. Wani ɗan'uwanmu mai ɗan boko ya leƙa katin, kafin mu dawo gida labari ya riga mu: wai ta zubar da ciki. Matar da ta shekara huɗu tana neman haihuwa! Don Allah masana, mene ne ainihin Hausar kalmar nan?

Ungozoma, Marwa: Allah sarki, ka yi mata sannu, ƙanena. A bakin likita "avortement" na nufin duk cikin da ya fita kafin ɗa ya isa rayuwa a waje, da hannu ko ba hannu. Hausa ta fi rarrabewa. Ɓari, ciki ne ya ɓare da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Zubar da ciki kuwa akwai mai zubarwa, kalmar ma da zargi take tafe. Abin da ya samu matar yayanka ɓari ne da ya bar saura a mahaifa, shi ya sa aka yi mata wankin ciki.

Inda nake cijewa shi ne na ukun. Mace ta zo da hawan jini tana jijjiga, likita ya ce sai an fitar da cikin ko a rasa ta. In na ce wa miji "za a zubar", sai ya miƙe ya ce a ba shi matarsa. In na ce "ɓari", na yi ƙarya.

Ɗalibin shari'a, Ngaundare: Hajiya, doka ma ta ware na ukun nan. Sashe na 337 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya yanke wa macen da ta zubar ɗaurin kwana 15 zuwa shekara ɗaya, ko tarar sefa 5,000 zuwa 200,000, wanda ya zubar mata kuma shekara ɗaya zuwa biyar. Sashe na 339 ya keɓe biyu: in lafiyar uwa na cikin babban haɗari, da cikin fyaɗe, bayan mai gabatar da ƙara ya tabbatar a rubuce. Kiran abin da doka ta yarda da shi da sunan abin da take ɗaure mutum a kansa, ai shi ke sa dangi gudun sa hannu.

Malamin makaranta, Njamena: Mu a Cadi kundin hukunta laifuka na 2017 ya ƙara da cikin da aka samu tsakanin muharramai, kusan yadda sashe na 14 na Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙoƙin mata a Afirka ya zo da shi. Ni ina ganin mu ce "katse ciki". Haka Faransawa suka yi a dokarsu ta 1975, suka koma cewa "interruption", har suka sa ta a tsarin mulki a 2024.

Ungozoma, Marwa: Malam, igiya ake katsewa, ko magana. In na faɗa wa tsohuwa daga ƙauye za a katse wa 'yarta ciki, wuƙa za ta hango. Kuma a Faransa mace ce ke nema da kanta har mako 14, ba sai da dalilin ciwo ba. Wannan dabam ne da abin da ke gabanmu.

Almajiri, Kusiri: Ku duba kalmar da muke da ita tun a zaure: lalura. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan taɓa ciki tun farkonsa, wasu mazhabobin sun sassauta kafin kwana 120 da ake busa rai. Amma in ran uwa ne a kan gaba, malamai suna fifita uwa. Ku ce "cire ciki don lalura". Cirewa aikin likita ne, kamar yadda ake cewa an cire mata ƙari. Sai dai kada a ce na yi fatawa a kan na fyaɗe, malamai sun saɓa a can.

Ɗalibin shari'a, Ngaundare: Ya zauna. Na fyaɗen sai a faɗi dalilinsa a fili, "cire ciki saboda fyaɗe", kowa ya je ya tambayi malaminsa.

Ungozoma, Marwa: Na gwada shi yau da safe a kan wani magidanci, matarsa na da ciki a wajen mahaifa. Na ce lalura ce, sai an cire. Ya yi shiru, ya ce "Allah ya sa hakan ne mafi alheri", ya dangwala yatsa. Daga yau kuma duk katin da aka rubuta "spontané" (wanda ya fita da kansa) ko "incomplet" (wanda ya bar saura), zan sa biro in ƙara "ɓari" a ƙasa.

Mai tambaya, Garwa: Hajiya, da zan samu hanyar Marwa da na kawo miki katinmu kin rubuta. Yanzu dai wayar nan zan kai wa ɗan'uwan namu ya karanta a gaban Inna.