Ta yaya za a shawo kan masu shagunan intanet su riƙa karɓar kirifto?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sayar da kaya a intanet da yawa, da ka ce musu su ƙara kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, cikin hanyoyin biyan kuɗi, amsa ɗaya ce: farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu. Wace hujja ce ke ratsa su? Kuma in mutum ya amince, daga ina za a fara haɗa masa abin?

Malam_Dillali:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu na farko, kada ka je masa da wa'azin kirifto. Mai shago ba ruwansa da makomar Bitcoin, damuwarsa nawa zai shiga asusunsa, kuma yaushe. Hujjoji biyu ne kawai ke da nauyi a wurinsa.

Ta farko caji. A Amurka, misali, cajin karɓar kati a intanet da aka saba gani shi ne kashi 2.9 cikin ɗari da senti 30 a kowane ciniki, alhali kamfanonin da ke karɓar kirifto a madadin shago sukan tsaya wajen kashi 1 zuwa 2. Ta biyu ta fi ƙarfi: da kati, mai saye zai iya zuwa bankinsa bayan makonni ya ce bai san da cinikin ba, a janye kuɗin daga hannun mai shago, a ƙara masa tara, ga kaya sun riga sun tafi. Kuɗin kirifto in ya tabbata, babu bankin da zai janye shi. Shi ya sa masu sayar da abin da ba a iya ƙwatowa, kamar manhaja, katin kyauta da hayar sabar (kwamfutar da ake ɗora shafin intanet a kanta), suka fi saurin amincewa. Fara da irinsu, musamman masu abokan ciniki a ƙasashen da katinsu ke yawan ƙin wucewa.

Batun hawa da saukar farashi kuwa, amsarsa ita ce ba dole ne ya riƙe kirifto ko na minti ɗaya ba. Kamfani irin BitPay, wanda yake aiki tun 2011, yakan kulle farashi na minti 15, mai saye ya biya a cikin wannan lokacin, shi kuma mai shago a tura masa dala ko yuro a banki. Farashin kaya yana nan a kuɗin da ya saba rubutawa.

Zai iya kawo maka tarihi, to ka san shi kafin ka je. Shagon intanet na Overstock da kamfanin Microsoft sun fara karɓar Bitcoin a 2014. Steam, shagon wasannin kwamfuta, ya fara a 2016 ya daina a Disamban 2017, saboda kuɗin turawa ya kai wajen dala 20 a lokacin, ga farashi na tsalle. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi a intanet, shi ma ya janye a 2018, sai ya dawo a 2024 da USDC, kirifton da farashinsa ke bin dala. Kada ka musa waɗannan, nuna masa cewa matsalar da ta kori Steam ita ce Lightning, hanyar tura Bitcoin cikin sauri da araha, da kuɗaɗen da ke bin dala suka zo magancewa.

Injiniyan_Saba:
Malam ya yi bayani, amma ina da ja a kan tura kowa wajen kamfanin tsakani. Suna neman takardun rajistar kasuwanci, ba kowace ƙasa suke biya ba, kuma suna iya riƙe kuɗi in wani abu bai yi musu ba. Wanda ke amfani da WooCommerce, manhajar buɗe shago a intanet, zai iya ɗora BTCPay Server, manhajar karɓar Bitcoin ce kyauta, ba ta cire ko sisi. Sabar mai RAM 2GB da wurin ajiya kamar 80GB ta isa in an taƙaita tarihin bulok (jerin kundayen cinikin Bitcoin) da take ajiyewa. Sai dai fa a nan shi zai riƙe Bitcoin ɗin, shi zai canza da kansa.

Wajen haɗawa, mabuɗin kallo kawai ake ba sabar, wato xpub, kalmomin sirri 12 ko 24 na walat (asusun ajiye kirifto) ba sa zuwa kusa da ita. Ko an fasa sabar, ɓarawo ba zai iya kwashe abin da ke cikin walat ba. Kowace oda tana samun sabon adireshi. A nan ne wani abu ke tayar wa mutane hankali: yawancin walat kan daina dubawa in sun ga adireshi 20 a jere babu kuɗi. To in masu saye 20 suka buɗe takardar biya suka fasa, na 21 ya biya, sai walat ta nuna babu komai alhali kuɗin na nan. A ɗaga wannan iyakar a saitin walat zuwa ɗari ko fiye, a sake dubawa.

Kada a saki kaya da ganin kuɗi na tafe. Bulok ɗin Bitcoin kan ɗauki kimanin minti 10, kuma kafin ciniki ya shiga bulok mai turawa zai iya maye gurbinsa da wani. Ƙaramin kaya tabbaci 1, wato shigar cinikin cikin bulok, ya isa, mai tsada a jira 3 zuwa 6. Ƙananan biya a bar wa Lightning, cikin daƙiƙoƙi take gamawa.

Hajiya_Akanta:
Ku biyun kun tsaya kan shigowar kuɗi. A wajen mayarwa da lissafi ne yawancin shaguna ke gajiya su cire maɓallin biya da kirifto, don haka ƙanena ka tafi da amsoshin nan a rubuce.

Biya bai cika ba: mutum ya tura daga manhajar canji (inda ake saye da sayar da kirifto), ta cire cajinta daga cikin kuɗin, sai abin da ya iso ya gaza da ɗan kaɗan, oda ta maƙale. A sa a saiti a yafe giɓin kashi 0.5 zuwa 1, abin da ya wuce haka a nemi ciko.

Kuskuren netwok, wato hanyar da kirifton ke bi: USDT, wani kirifto mai bin dala, na kan Tron adireshinsa da T yake farawa, na Ethereum da 0x, wannan da sauƙin bambancewa. Haɗarin shi ne BNB Chain da Polygon ma 0x ne, sai mutum ya tura ta inda shagon ba ya kallo. In mabuɗin na hannun mai shago ana iya cetowa, in na kamfani ne sai yadda suka ga dama. A rubuta sunan netwok da manyan baƙaƙe, kuma a fara da nau'in kirifto biyu kacal, kada a jera goma.

Mayar da kuɗi: a rubuta a ƙa'idar shago cewa ƙimar kayan a dala ko kuɗin ƙasa ake mayarwa, ba adadin kirifton da aka biya ba. In ba haka ba, duk sanda farashi ya tashi za ka ga masu dawo da kaya sun yi layi. Kuma kada a mayar wa adireshin da kuɗin ya fito, sau da yawa na manhajar canji ne ba na mutumin ba. A nemi ya ba da adireshi a rubuce.

Kuɗin da ke bin dala ma kada a ce masa ba ya motsi. TerraUSD ya rushe a Mayun 2022, USDC ya sauka ƙasa da senti 90 na ɗan lokaci a Maris 2023. Haraji kuwa kowace ƙasa da dokarta. A Amurka tun 2014 kadara ake ɗaukar kirifto, don haka dole a rubuta ƙimarsa a ranar da ya shigo.

Malam_Dillali:
Gaskiyar Hajiya. Saura "ba wanda ya tambaya". Wannan ba a kayar da ita da baki. Ka nemi gwajin wata uku a kan rukunin kaya ɗaya, da rangwamen kashi 1 ko 2 ga mai biya da kirifto, wanda daga rarar cajin kati zai fito. A ƙirga oda nawa aka biya, nawa aka buɗe aka fasa, saƙon ƙorafi nawa ya shigo. In lambobin ba su kai ba ya cire, kuma ka gaya masa haka tun ranar farko.