Powerful: ƙarfi ne, iko ne, ko faɗa a ji?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Jiya wani ƙanena mai koyon aikin fassara ya turo min kanun labari in duba masa: "Mujallar Forbes ta sa Ngozi Okonjo-Iweala cikin mata 100 mafiya ƙarfi a duniya." Na ce masa, kai ƙanena, kokawa za ta shiga? Mai sauraron rediyo zai ɗauka buhun siminti take ɗagawa da hannu ɗaya.

Kalmar da ta ɗaure masa kai ita ce powerful. Bature ya cusa abubuwa da yawa a buhu ɗaya, Bahaushe kuwa kowanne da sunansa.

Ƙarfi na jiki ne, da inji, da iska. Ɗan dakon Dawanau da ke saɓa buhun gero mai ƙarfi ne. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya a 2023 ma mai ƙarfin maki 7.8 aka ce, kuma daidai ne.

Iko kuwa na kujera ne. Alƙali ko da sanda yake dogarawa, in ya ce a ɗaure ƙato, ƙato ya ɗauru.

Amma akwai na uku, kuma shi masu fassara suka fi tsallakewa. Ku dubi ubangidan siyasa: ba shi da ofis, ba ya sa hannu a takardar komai, amma motocin 'yan takara sun cika ƙofar gidansa tun da asuba. Wannan ba ƙarfi ba ne, ba kuma iko ba. Faɗa a ji ne. Haka a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 15 ke zama, amma Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, ɗaya daga cikinsu ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Su ne masu faɗa a ji. "Tasiri" ma ba laifi, sai dai a kunnena ta yi sanyi, ba ta da kwarjini.

In kuwa huɗuba ce ta sa masallaci ya yi tsit, a ce mai ratsa jiki.

Ita Ngozi, tun Maris ɗin 2021 take shugabancin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Don haka na mayar masa da kanunsa: "cikin mata 100 da suka fi faɗa a ji a duniya."