Me za mu kira jan sautin kod a manhajar kiɗa?

Mai Koyarwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da safe zan ɗora bidiyon koyar da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, na maƙale a wuri ɗaya. Ka jera sautukan C, E da G suna tashi tare (kod ke nan), bugu 4, kana so su kai 8, sai ka kama bakin layukansu na dama a manhajar ka ja. A gudun bugu 120 a minti, daƙiƙa 2 ta koma 4. Me sunan wannan aikin da Hausa?

Makaɗi: Ja mana. A situdiyo haka muke cewa, "ja kod ɗin nan", kowa ya gane.

Malamin Nahawu: "Ja" ta cika ɗaukar kaya: jan layi, jan kunne, jan rai. Ga "madda". Duk wanda ya yi tajwidi ya san harafi ɗaya ake riƙewa haraka 2, 4 ko 6.

Hausa Zalla: Allah gafarta Malam, kalmar karatun Alƙur'ani za a kai wa kiɗa? Kuma Larabci ce. Ni tuni na ƙirƙiro "tsawaitamo", tsawaita da amo.

Makaɗi: Tsawaitamo? Kamar sunan maganin tari.

Hausa Zalla: Wannan dariyar ce ta sa har yau kuke cewa "kod". Kun raina harshenku.

Malamin Nahawu: Na janye madda saboda girman karatu, wannan ka yi gaskiya. Amma batun Larabci, "kalmar" da ka rubuta yanzu daga ina ta zo? Da "sauti", da "darasi"?

Hausa Zalla: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Mai Haɗa Sauti: Ku tsaya, abu biyu kuke cakuɗawa. Jan bakin layi yana ƙara wa sautin tsawo a rubuce. Fedar da ake takawa a piyano kuwa, wadda MIDI (tsarin aika saƙo tsakanin kayan kiɗa da kwamfuta) ke aikawa a lamba 64, riƙe sautin take yi bayan an ɗage yatsu. Na farko "tsawaitawa", na biyu "riƙewa". Ɗan'uwa, ka kuma gaya wa ɗalibanka piyano ko an ja shi bugu 16 sai ya dushe, ogan ne ke zarcewa.

Mai Koyarwa: Madalla, na gode Yaya. Zan sa "tsawaitawa" da "riƙewa" a rubuce, a baki kuwa na san "ja" ce za ta fito. Kod fa?

Hausa Zalla: Dunƙulen amo. Rabin kalmata ma kuka ɗauka ba godiya.

Mai Koyarwa: Kod dai zan bari tukuna, dare ya yi.