Na canja soson filta, yanzu kifayena suna haki a saman ruwa

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ina da tankin kifi na gilashi mai cin lita 60, da ƙananan kifayen ado, gofi takwas da moli biyu, wata bakwai kenan ban taɓa rasa ko ɗaya ba. Ranar Asabar na buɗe filtar, wato matatar ruwan tankin, na ga soson cikinta ya yi dauɗa ga wani yauƙi, sai na cire shi na yar na sa sabo, ƙananan zobban tangaran da ke cikin filtar ma na tara su a famfo na wanke tas har suka dawo farare, gawayin tace ruwa da ke cikinta ma na canja. To tun jiya ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifayen duk sun taru a sama suna ta buɗe baki, yau da safe na tarar ɗaya ya mutu a bayan dutse. Ni wallahi tsafta na yi nufi, kuma a jikin kwalin an rubuta a canja duk wata. Ina na kuskure, kuma ya zan ceci sauran?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya tsayar nan. Wannan dauɗar da kika yar ita ce ke riƙe da tankin. Kifi yana fitar da amoniya, da kashinsa da ragowar abinci duk suna ƙara ta, kuma guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da suke manne a ramukan soso da na zobban nan, wasu irin su Nitrosomonas suna maida amoniya ta zama naitirait, wasu kamar Nitrospira su maida naitirait ta zama naitiret, wadda ita da sauƙi, canjin ruwa ke rage ta. Su ba a cikin ruwan suke yawo ba, a jikin abu suke zama, shi ya sa da kika yar da soso kuma kulorin ɗin famfo ya bi ta kan zobban sai filtar ta koma kamar ranar da aka sayo ta, tana juya ruwa kawai ba mai cin gubar. Hakin da suke yi ma yana da dalili, amoniya tana ƙona musu wajen numfashi, naitirait kuma tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin.
Yau ɗin nan ki canja rabin ruwan, ki sa maganin kashe kulorin kafin ki zuba, kuma zafinsa ya zo ɗaya da na tankin. Ki daina ba su abinci kwana biyu, ba abin da zai same su, bayan nan ɗan kaɗan sau ɗaya a rana. Ki nemi abin gwajin ruwa, amoniya da naitirait dole su zama 0, in ba 0 ba ki sake canja ruwa gobe, haka-haka har su sauka. Kar ki ƙara taɓa filtar, kar ki kashe ta ko da dare. Sabon tanki yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ya zauna, naki zai iya fin haka sauri tunda akwai ragowarsu a tsakuwa da jikin gilashi.

Mai_Golfish:
Duk abin da Malam Tsohon_Hannu ya faɗa haka yake. Ni maganar "a canja duk wata" ce ke min ciwo, gawayin kawai ta shafa, shi ne ke cika cikin sati uku zuwa huɗu ya daina jan komai. Soso kam sai ya fara marmashewa ko ka matse shi ya ƙi dawowa, nawa ya fi shekara uku kuma golfish gare ni, kowa ya san yawan kashinsu. Yadda nake yi, ranar canjin ruwa in na ga filtar ta rage ƙarfi sai in ɗebi ruwan tankin a bokiti in matsa soson a ciki sau uku ko huɗu, ruwan ya koma kamar na kududdufi, in mayar da shi da sauran dauɗarsa. Zobban girgiza su kawai nake a bokitin. Farar audugar da ke tare ƙananan datti ita ce ake yarwa ba tunani. Gawayi ma ni na daina sawa sai in na gama yi wa kifi magani ina son cire ragowarsa, ko itacen cikin tanki ya rina ruwan ya zama kamar shayi.

Dan_Gilashi:
Hajiya ki kula da abu ɗaya, kar wani ya ce miki ki bar ruwa ya kwana a bokiti ya isa. Kulorin yana fita haka, amma wasu wuraren kuloramin, wani sinadarin tsaftace ruwa dangin kulorin, ake sawa a ruwan famfo, shi kuma ba ya tashi da kwana ɗaya, sai da maganin. Sannan in da wanda kika sani mai tsohon tanki lafiyayye, ki roƙe shi ɗan yankin sosonsa, ki kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa ki cusa a filtarki, wallahi yana rage kwanakin sosai.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na canja rabin ruwan kuma na gwada, amoniya 1 naitirait 0.5, kifayen sun ɗan sauko ƙasa suna yawo amma biyu har yanzu suna sama. Yaya Tsohon_Hannu, to in soson ya tsufa da gaske ya ake canja shi ba a sake shiga wannan halin ba?

Tsohon_Hannu:
Ki raba shi biyu da almakashi, ki cire rabi ki sa rabin sabo su zauna tare wata guda, sannan ki canja ɗaya rabin, kuma kar ki wanke zobban a wannan satin. Yanzu dai 1 ɗin nan ya yi yawa, ki ƙara canja rabi gobe da safe, ki ɗan ɗaga bakin filtar ya riƙa motsa saman ruwa don iska ta shiga, sai ki faɗa mana abin da gwajin ya nuna.