Wace robar kake nufi?

Ɗalibi: Jama'a a taya ni ji. Malamin kemistiri ya soke min amsa don na rubuta duk roba daga ɗanyen mai ake yinta, wallahi zalunci ne, ba iskar ethylene ake matsawa da zafi ƙwayoyinta su riƙa kama juna dubbai har su zama doguwar sarƙa ba, wato polima? To ina laifina

Injiniya: Ƙanena wace robar, ta taya ko ta bokiti?

Ɗalibi: roba ai roba ce Yaya

Injiniya: Ina! Ta asali daga bishiya take, a tsaga ɓawon farin ruwa ya tsatso. Ita ma sarƙa ce amma Allah ne ya ƙulla ta. Wani Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gasa ta da farar wuta sarƙoƙin suka ɗaure da juna ta daina danƙo, ya yi rajistar abin a 1844, lokacin wa ya san filastik ɗin fetur

Anti: Abin da yaron nan ya kwatanta ma ba roba ba ce, leda ce. A Ingila kamfanin ICI ya ci karo da ita a 1933

Baffa: Leda kuma? Leda ai sunan fata ne a bakin Bature, mu muka karkatar da shi. Ku daina ɓata mana Hausa

Anti: To Baffa in ka shiga kasuwa ka ce a zuba maka a fata mu gani

Malama: Ni dai ba duka polima ake haɗa su iri ɗaya ba, nailan da aka ƙirƙiro a 1935 abu biyu ake aurarwa kuma duk ƙulli ɗaya sai ƙwayar ruwa ta fita

Baffa: Anti ki iya bakinki, na girmi babanki

Ɗan aji: Injiniyan nan fa na gini ne, kuma abokin malamin ne, dole ya kare shi

Injiniya: Na gini ne, bututun PVC nawa ka taɓa dasawa?

Admin: To an rufe. An dai tabbatar roba ta asali ta bishiya ce kamar yadda Injiniya ya faɗa, dama ni ma ra'ayina kenan tun farko. Anti ta ba Baffa haƙuri.

Ɗalibi: Makina fa? 😭