Na kasa gane asalin wannan wuƙa ta keris

Assalamu alaikum. Akwai wata wuƙa irin ta mutanen Indunusiya, wadda suke kira keris, da mahaifina ya sayo a Jidda tun ina yaro. Wata biyu ke nan ina neman sanin inda aka ƙera ta da shekarunta, abin ya gagara.

Tsawon ruwanta santimita 36, lanƙwasa bakwai, jikin ƙarfen kuma da zane-zane masu fari-fari kamar ruwa ya kwanta a fadama, abin da suke ce wa pamor. Kubenta na itace ne, bakinsa kamar ƙaramin kwalekwale, ya fi kama da na Surakarta a tsibirin Jawa. Sai dai ƙotar mutum-mutumi ce mai manyan idanu, irin wadda na gani a hotunan keris na tsibirin Bali, alhali wuƙaƙen Bali sun fi wannan tsayi. Nan kaina ya ɗaure.

Na kai wa wani maƙeri, ya ce ƙarfen ninki-ninki ne, iyakar saninsa ke nan. Na goge tsatsar da lemun tsami, sai zanen ya dusashe, ruwan wuƙar ya yi fari fat, har yanzu ina cizon yatsa. Ƙotar tana ɗan motsi amma ban cire ta ba, kada in ƙara ɓarna.

Tunda ana sauya wa keris kube da ƙota, wace alama ce a jikin ruwan kansa za ta nuna mini ko tsohuwar ƙirar Jawa ce ko sabuwa ce ta 'yan yawon buɗe ido?